Abin da Zariya Ta Ci, Ta Mayar wa Ƙasa

(An rubuto wannan lacca ne daga naɗin muryar wani zama da aka yi a Samaru ta Zariya da manoman bayan gari, masu lambu da ɗalibai. An rage gaishe-gaishe da maimaicin magana.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamaina, manoma, masu lambu, iyaye mata da ke zaune daga can gefe, da ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a kan lafiyar ƙasar noma a inda gari ya cinye gona. To, ba sai mun je nesa ba. Dattawan da ke ɗakin nan sun san lokacin da mutum zai taso daga Samaru zuwa Sabon Gari yana ratsa gonakin dawa. Yau Palladan da Hanwa da Kwangila duk gini ya haɗe su. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari suna da mutum kusan 700,000, kuma kowa ya ga yadda garin ya bazu tun daga lokacin. Baki ya ƙaru, gona ta ragu, ɗan abin da ya rage kuma ana noma shi damina da rani ba hutu. A da idan gona ta gaji sai a bar ta ta zama saura, ta huta shekara uku ko huɗu. Yanzu wa ke da filin da zai bari? In ka bari ma, kafin ka dawo an yanka shi fuloti.

Mu fara sanin ƙasar da muke kai. Ruwan samanmu ba laifi, wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Amma ƙasar tudu ta wannan yanki tsohuwar ƙasa ce, kuma irin lakar da ke cikinta ba ta da ƙarfin riƙe abincin shuka. Abin da ke riƙe mata abinci da danshi shi ne ruɓaɓɓen abu: ganye da saiwa da kara da kashin dabba da suka ruɓe suka zama baƙar ƙasa. A yawancin gonakin da aka daɗe ana nomawa a nan, idan aka auna, wannan abu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ya sa za ka ga an yi ruwa mai ƙarfi, da rana ta fito sai saman gona ya ɗaure ya yi ɓawo, iri ya kasa fasowa. Ruwa na gaba da ya zo ba ya shiga, sai ya bi kwari da gudu ya kwashi ƙasar sama ya kai kogin Kubanni. Zuba takin zamani a irin wannan gona kamar ɗibar ruwa ne da kwando.

Wannan magana ba hasashe ba ce, a nan Samaru aka gwada ta. Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR, da aka kafa a 1922, ta ware wasu filaye a 1950 ta soma gwaji mai dogon zango. Wani fili a sa masa kashin shanu kawai, wani takin zamani kawai, wani a haɗa biyun, wani a bar shi haka nan, ana nomawa shekara da shekaru. Filayen da aka riƙa ɗura wa takin naitrojin tsagwaronsa, wato sinadarin da ke sa shuka ta yi kore, ƙasarsu ta yi tsami, ƙarfinta ya yi ta raguwa. Waɗanda aka haɗa wa kashin shanu da takin zamani su suka fi riƙe ƙarfinsu da amfaninsu. Ina so ɗalibai su riƙe wannan, domin abin takaici ne a ce amsar tana bayan ajinku fiye da shekara 70, amma manomin Bomo da na Basawa ba su ji ta ba.

Nahiyar ma gaba ɗaya ta dawo kan wannan hanya. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka ce a ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. Da suka sake taruwa a Nairobi a watan Mayun 2024, maganar ba ta tsaya ga buhun taki ba, sai da aka haɗa da lafiyar ƙasar kanta.

To, ina za a samo ruɓaɓɓen abin nan, tun da babu hutu, shanu kuma sun yi nisa da gari? Nan ne zuciyar maganata. Ku tsaya a Kwangila ko Ɗan Magaji da safe ku ga abin da ke shigowa: masara, dawa, rake, tumatir, albasa, harawa, itace, shanu da awaki. Duk wannan ƙarfin ƙasa ne aka loda a mota. Kowane buhun masara ya kwaso wani abu daga gonar da ta haife shi. Garin ya ci, saura ya zama ɓawon rake, ruɓaɓɓen tumatir, toka, kashin kaji, kashin tumakin da ake turkewa a gida, tumbin da ake zubarwa a kwata, ƙaiƙayin injin casa. Ina yake tafiya? Juji, ko magudanar ruwa, ko a cinna masa wuta hayaƙi ya ishi unguwa. Gona tana yunwa a bayan gari, abincinta yana toshe kwalbati a cikin gari, damina ta zo ruwa ya shiga gidajen mutane.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Cikin ganuwar Zazzau kanta akwai gonaki, kuma sharar gida ba ta ɓata. Da rani mai jaki zai cika mangala da taki ya kai gona, a jera shi tsibi-tsibi, a baza kafin huɗa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi dogon nazari a kan karkarar da ke kewaye da Kano, inda jama'a ta yi yawa ƙwarai amma ake noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Jakuna su shiga birni da itace da hatsi, su fito da taki. Gari da gona suna ciyar da juna. Wannan igiyar ce ta tsinke, kuma abin da ya tsinke ta har da canjin da sharar kanta ta yi.

Ku je gonar da aka zuba wa tifar juji a bara, ku sa fartanya. Abin da za ta fara cin karo da shi leda ce, baƙa da ta ruwan sha, ta naɗe a saiwar masara. Sai fasasshiyar kwalba, sai allurar asibiti, sai batirin tocila da ya fashe yana zubar da baƙin gari. Na sha ganin tunkiya ta rame ana ta ba ta magani, da aka yanka sai ga dunƙulen leda a tumbi. Leda dai ana ganinta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba a gani: dalma da sauran ƙarafa masu guba daga batir, fenti, baƙin mai da kayan lantarki. Ba sa ruɓewa, kuma ganye irin su alayyafo da latas suna iya ɗaukarsu. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, ba daga juji ba, amma gubar ita ce ita, kuma yara ta fi kamawa.

Saboda haka ban zo in ce a koma kwasar juji yadda yake ba. Gyaran daga tsakar gida yake farawa, kuma iyaye mata, a hannunku yake. Bokiti biyu: ɗaya na abin da zai ruɓe, ɗaya na wanda ba zai ruɓe ba. 'Yan bola jari sun riga sun nuna mana cewa da zarar abu ya yi kuɗi ba ya kwana a juji. Ƙarfe da roba sun samu masu saye, saura ɓawo da toka da kashin dabba.

Haɗa takin ba wuya. A samu inuwa, a shimfiɗa busasshen abu, kara da aka sassara ko ciyawa ko ƙaiƙayi, a ɗora ɗanye, ganye da ɓawo da kashin kaji ko na awaki, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake wani hawa har ya kai ƙirji. Ruwan kada ya yi yawa: in ka damƙa ka matse, ya dunƙule, amma kada ya zuba ta tsakanin yatsu. Bayan 'yan kwanaki ka soka sanda a tsakiya, ka zaro ka taɓa. In ta yi zafi, aiki na tafiya, domin zafin yakan kai digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe ƙwayar ciyawa da ƙwayoyin cuta. A riƙa juyawa duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, wari ya tafi, ya koma ƙamshin ƙasar ruwan farko. Masu lambu, don Allah ku daina zuba ɗanyen kashin kaji kai tsaye a kan latas da kabeji. Yana ƙona saiwa, kuma abinci ne da ake ci ba a dafa ba. Garin katako ma kada a binne shi ɗanye, zai janye naitrojin ɗin gona shuka ta yi rawaya.

Amma in faɗi gaskiya, kada wani ya tafi ya ce na hana sayen taki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitrojin. Kafin ka sami wannan daga busasshen kashin shanu sai ka tara tan biyu ko fiye. Mai masara ba zai iya dogara da takin gida kaɗai ba. Abin da nake cewa shi ne takin gida ke sa na zamani ya yi aiki. Da tsadar da buhu ya yi yanzu, asara ce a watsa yuriya a saman busasshiyar ƙasa ta bi iska. A tona gefen shuka, a sa, a rufe, lokacin da ƙasa ke da danshi, kuma a raba shi kashi biyu.

Akwai kuma takin da gona ke yi wa kanta. Idan wake ko gyaɗa ko waken suya ya kusa fure, ka tone guda ɗaya a hankali, ka wanke saiwar. Za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikinta. Ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja ne kamar nama, to ƙwayoyin halittar da ke ciki suna jawo naitrojin daga iska suna ba shukar. In fari ne ko kore, ba sa aiki. Masarar da ta biyo bayan waken suya ta fi wadda ta biyo bayan masara, kuma waɗannan amfanin gona suna rage wuta-wuta, domin suna sa irinta ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya yi nazarin noman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. A lokacin ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci-baya ne. Da ya yi lissafi sai ya tarar manoman sun fi samu a kowace eka, kuma shekarar da ɗaya ya ƙi, ɗaya yakan yi. Hanwar da ya auna gonakinta yau unguwa ce.

Kara da harawa kuwa, na san ba a barinsu a gona a kusa da gari, kuɗi ne, abincin dabba ne, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ban ce a bar su duka ba. In dabba ta ci, kashinta ya koma gonar da aka yanko. Abin da ba shi da uzuri shi ne ƙona gona da sunan sharar gona.

Ruwan Kubanni, a taƙaice. Yana ratsa gari yana kwasar abin da gari ya zubar, kuma da shi ake noman rani. Wanda ke da halin haƙa rijiya a fadama, ya fi. Wanda ba shi da hali, ya bar ruwan ya kwanta a rami kafin ya ɗiba, ya bi da shi ta kwari maimakon watsawa a kan ganye, ya dakatar da ban ruwa kwana biyu ko uku kafin yanka.

(Wani dattijo mai lambu ya tambaya: Malam, filin da nake nomawa aro ne. In na gyara ƙasar, mai shi ya sayar, wa na yi wa?)

Baba, tambayarka ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Takin gida ba ya biyan mai shi a shekara ɗaya, amfaninsa yana bin gona shekara biyu ko uku, don haka wanda bai san ko zai ga baɗi a fili ba, ba za a zarge shi ba. Abin da zan ce, a daina aron baki da baki. A je gaban mai unguwa a rubuta: shekara uku ko biyar, in kuma za a sayar, a ba da sanarwa kafin damina. Mai fili ma ribarsa ce, filinsa ba zai zama juji ba. Ga hukuma kuma, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filayen cikin gari a hannun gwamna. Ke nan akwai ikon da za a shata fadamun kogunan Kubanni da Galma a ce nan ba a gini. Gidan da aka gina a fadama ruwa ne ke cinye shi, lambun da aka tasa kuma ba ya dawowa. Kafin nan, Baba, ka fara da wake da gyaɗa, waɗanda za ka ci amfaninsu a bana, sannan takin da ka haɗa ka riƙa sa shi a gindin shuka maimakon bazawa a duk fili.