Amsoshin Tambayoyinku: Shehu Musa 'Yar'aduwa, daga kaki zuwa babbar riga

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan mutum ɗaya suka taru, wato marigayi Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, kuma da yake lokaci ya matse mu, za mu fara ba tare da dogon shimfiɗa ba.

Wani ɗalibi daga Funtuwa yana tambaya ko shi ne ya zama shugaban ƙasa a 2007. Haba ɗana, ka ƙara riƙe littafin tarihi da kyau. Wancan ƙanensa ne, Umaru Musa. Shehu shi ne wa, an haife shi a Katsina a 1943, mahaifinsu kuwa, Mutawallen Katsina, ya yi minista a Jamhuriya ta Farko. Wata baiwar Allah daga Gombe tana son sanin inda ya sami horon soja: a Kaduna ya fara, ya wuce Sandhurst a Ingila, ya fito hafsa a 1964, kuma da shi aka yi yaƙin basasa.

Tambayar da ta fi yawa, har wani dattijo ya rubuto ta da jan biro ya ja mata layi biyu, ita ce: yaya mutumin da aka dama da shi a juyin mulki zai dawo yana roƙon ƙuri'a, har yana cewa sojoji su koma bariki? Mun miƙa ta ga wani malamin tarihi, wanda ya ɗauko zancen tun daga 1975, lokacin da sojoji, har da shi Shehu, suka kifar da Janar Gowon, Janar Murtala ya naɗa Shehu kwamishinan sufuri, aka ɗora masa aikin warware cunkoson ɗaruruwan jiragen ruwa masu ɗauke da siminti da suka toshe tashar Legas. Malam ya daɗe a kan simintin nan, sai da muka roƙe shi ya dawo kan tambaya.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Bayan kisan Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, an ɗaga Shehu daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya, ya zama na biyu ga Janar Obasanjo, kuma su ne suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoban 1979. A lura, ina maimaitawa: mulki yana hannunsu, bindiga tana hannunsu, suka miƙa suka tafi, shi yana da shekara 36 kacal. Da ya shiga siyasa, bai tsaya a Arewa ba. Ya bi ƙasar nan lungu-lungu yana haɗa jama'a, har ya yi gaba a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar SDP a 1992, Janar Babangida ya soke zaɓen. A taron tsara tsarin mulki na 1994 kuma, yana cikin waɗanda suka matsa a sa ranar da sojoji za su sauka. A Maris ɗin 1995 gwamnatin Janar Abacha ta kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri, ya rasu yana tsare a Disamban 1997.

Ni dai a ganina, Baba, juyin mulkin 1975 ba ya goguwa daga tarihinsa, kuma ba na jin ya kamata a goge shi. Amma wanda ya san abin da sojoji za su iya yi masa, ya kuma ƙi yin shiru, ba zan iya cewa wasa yake yi da maganar farar hula ba.

Mai tambaya daga Yola kan alaƙarsa da Atiku Abubakar: ƙwarai, a gidan siyasar Shehu Atiku ya taso. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, kuma don Allah a riƙa taƙaitawa, domin wani shafi huɗu ya aiko mana.