Kalmar Yau: Rainmaker, Daga Roƙon Ruwa Zuwa Jawo Ciniki

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan birnin Kano. Kalmar Turancin da muka ɗauko yau ita ce rainmaker. Ku maimaita, ren-meka. Yauwa.

Kalmomi biyu aka haɗa, rain wato ruwan sama, da maker wato mai yin abu. Asalin ma'anarta ke nan, mutumin da ake ganin yana iya sa ruwa ya sauka. To mu nan, in damina ta yi jinkiri, shuka ta fara yaushi, sai a fita filin Idi a yi sallar roƙon ruwa, don mun san mai saukar da ruwa Allah ne. Amma a wasu wuraren sarauta ce guda. Al'ummar Balobedu ta Afirka ta Kudu suna da sarauniyar ruwa, ana ce mata Modjadji.

Bari in ɗan ratse da wani labari. A ƙarshen shekarar 1915 hukumar birnin San Diyego a Amurka ta yi yarjejeniya da wani Charles Hatfield, za a ba shi dala 10,000 in ya cika musu madatsar ruwa. Ya kafa hasumiyarsa, ya yi haɗe-haɗen sinadaransa. Sai sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, wata madatsar ta fashe, aka yi asarar rayuka da dukiya. Da ya je karɓar kuɗinsa, suka ce sai in ya yarda zai biya diyyar ɓarnar. Aka yi ta shari'a, ƙarshe kotu ta ce ruwan nan ikon Allah ne. Ai da Bakano suka tambaya tun farko, da an huta da kuɗin lauya.

To yanzu ga inda nake so ku kasa kunne. A bakin 'yan kasuwa, musamman ofisoshin lauyoyi da bankuna, rainmaker shi ne wanda yake jawo wa kamfani manyan abokan ciniki. Ruwan a nan kuɗi ne. Bahaushe ba zai sha wahalar ganewa ba, tunda shi ya ce damina uwar albarka.

Ku ɗauki shago a Kantin Kwari. Yara biyar, kowa ya iya auna yadi, kowa ya san farashin atamfa da shadda. Amma akwai guda ɗaya, shi ne fataken Nijar da Chadi suke kira tun suna hanya. Ya san mai son bashi, ya san wanda ɗansa ya yi aure, ya je har gida ya yi murna. Wannan shi ne rainmaker ɗin shagon.

Wani zai ce, Malam, ai dillali ke nan. A'a. Dillali yana tsakani, ya haɗa ciniki ya karɓi la'adarsa ya wuce. Wannan kuwa ɗan gida ne. Kada kuma ku fassara shi da mai goshi, don goshi sa'a ce, shi ko wannan shekaru ya yi yana tara jama'a. Shi ya sa maigida yake lallaɓa shi, don ranar da ya buɗe nasa shagon, da fataken zai tafi.

In za ku sa ta a jimla, sai ku ce wance ce rainmaker ɗin ofishinmu. Mace ma ana faɗa mata, kalmar ba ta canzawa. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a huta lafiya.