Laccar da aka yi wa malaman makaranta: waya a hannun yaro, amma wa ke sauraren karatunsa?

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro ranka ya daɗe, iyayenmu da ke nan gaba, malamai 'yan uwana, na baya kuna ji na kuwa? Toh madalla.

Bari in fara da JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, tunda ita ce ta fara tona mana asiri. A 2013 suka fara gwada jarrabawa ta kwamfuta, zuwa 2015 aka ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Ni da idona na ga yaro a wata cibiya, yaro mai ƙoƙari wallahi, ya ɗauki maus ɗin nan ya ɗaga shi sama yana nuna wa allon kamar rimot ɗin talabijin, gumi na zuba, mintunansa na tafiya. Daga baya hukumar ta sauƙaƙa, ka danna A ko B ko C ko D a kibod, N ka wuce gaba, P ka dawo baya, shikenan. Amma abin tambaya, shekara shida yaron nan yana sakandare, kuma makarantarsu fa akwai ɗakin kwamfuta, ni na shiga ɗakin, an lulluɓe kwamfutocin da leda ƙura ta yi musu rawani, mukulli na aljihun shugaban makaranta wai kar yara su lalata. Toh ai ba su lalata ba kam, sun tsufa ne a cikin leda.

Sai korona ta zo, Maris 2020 aka rufe makarantu. Masu hali 'ya'yansu suka hau Zoom, jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma darasi ta rediyo da talabijin, mu kuma me muka yi? Mu faɗi gaskiya tunda mu kaɗai ne a nan. Handaut ɗin da muke sa yara su kwafa a allo shi muka ɗauki hotonsa da waya, wani ma a karkace, inuwar hannunmu ta rufe rabin shafin, muka jefa a guruf ɗin WhatsApp, yara suka jero "an gani malam, an gani malam" mu kuma muka ce mun koyar ta intanet.

Kuma fa karatu daga nesa ba baƙonmu ba ne. NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, tana Kaduna tun 1976, da yawa cikin ku ta nan kuka yi NCE ɗinku, takardar shaidar malanta, kuna aiki kuna karatu, ga Hajiya nan tana gyaɗa kai. Hukumar ilimin makiyaya tun 1989 take, rediyo na cikin abin da take bi ta kai darasi ruga. Jami'ar karatu daga gida ma an kafa ta 1983, aka dakatar da ita 1984, sai 2002 aka farfaɗo da ita. Kun ga nisa ba shi ne ciwon ba.

Ciwon shi ne ba ma sauraren yaro. Ku tuna makarantar allo, kusan duk wanda ke ɗakin nan ya zauna a gaban malam. Almajiri ya kai arba'in, kowa da inda allonsa ya tsaya, wani yana babbaƙu wani farfaru wani ya yi nisa, hayaniya kamar kasuwa, amma malam na kan buzunsa sai ka ji ya ɗaga murya ya gyara wa wani can ƙarshen layi wasali guda. Kuma ba ka isa ka wanke allo ba sai ka zo gabansa ka biya ya ji da kunnensa, in bai zauna ba ka koma, in ya zauna a ɗora maka. Ba na cewa a dawo da dorina fa, kar wani ya fita ya ce na ce. Abin da nake so ku duba, kowane yaro ana jin muryarsa kullum. A ajinmu na boko yaro zai yi zango guda cur malam bai taɓa jin ya karanta layi ɗaya ba, saboda yara sun fi tamanin kuma darasi minti arba'in.

A nan ne nake ganin wayar ta fi amfani, ba a furojekta da silaid masu walƙiya ba. Saƙon murya. Na gwada da ajina, na ce kowa da daddare ya ari wayar mamarsa ya karanta min layi uku kawai ya turo, kullum mutum goma. Ina zaune bayan isha'i ina saurare, a nan na gano wata yarinya da littafinta ya fi na kowa tsafta ashe zana haruffan take yi kamar mai zanen lalle, ba ta iya haɗa su ba, in ta zo kan ƙ da k sai ta yi shiru kana jin numfashinta da kukan akuya a bayan gida. Wata biyu tana gabana ban sani ba. Af, tunda na ambaci ƙ, dan Allah ku sa kibod ɗin Hausa a wayoyinku, Gboard, manhajar kibod ta Google, yana da shi kyauta, malamin Hausa yana rubuta kasa yana nufin ƙasa ai abin kunya ne.

Na san za ku ce data fa, caji fa, NEPA ba wuta. Gaskiya ne, kuma akwai gidan da ƙaramar waya ce kawai mai tocila, waɗannan sai ka ware musu minti biyar kafin a tashi su biya maka a baki. Sannan wani abu da ba na wasa da shi, malami namiji kar ya kuskura ya riƙa karɓar saƙon ɗaliba shi da ita a keɓe, a yi komai a guruf da iyaye a ciki, hedimasta ma a sa shi, kowa ya huta da zargi.

Ku kuma na manyan makarantu, tun da ChatGPT, manhajar nan mai yi wa mutum rubutu, ya fito ƙarshen 2022 kuke kuka wai asaimen duk ya zama iri ɗaya, Turanci sumul babu ko tuntuɓe. Ni na daina faɗa a kan wannan, karɓa nake in ajiye takardar a tebur in ce zo nan ɗana, sakin layi na biyu ɗin nan yi min bayaninsa da Hausa. Wanda ya karanta ya fahimta ko da na'ura ta taimaka masa zai yi magana, wanda ya kwafo kuwa sai ya hau gyaran hula.

Shugaba yana nuna min agogo, la'asar ta gabato. Malam na can kusa da taga tun ɗazu hannunka na sama, a miƙa masa makirfon ɗin, bismillah.