Saƙon Muryar da Ke Son Share Tarihin Yahudawa a Falasɗinu

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Daren Juma'ar da ta wuce ina zaune wajen mai shayin unguwarmu, sai wani matashi ya ɗora wayarsa kan benci ya ƙure mata murya. Saƙon WhatsApp ne mai tsawon kusan minti bakwai. Mai maganar yana ta rantsuwa cewa Yahudawa ba su da wani tarihi a Falasɗinu, kakanninsu ba su taɓa taka ƙasar ba, wai dukkansu jikokin wasu mutane ne da ake kira Khazar daga can gefen Rasha, sai a 1948 Turawa suka kwaso su suka jibge a can. Da saƙon ya ƙare kowa ya gyaɗa kai. Matashin ya dube ni ya ce, "Baba, ka ji ko? Ashe duk ƙarya suke yi." Kafin in shanye shayina ya tura shi zaure uku.

Raina ya ɓaci a daren nan, har yanzu kuma bai huce ba. Ina cikin waɗanda halin da Falasɗinawa ke ciki yake hana su barci, shi ya sa nake cewa wannan saƙo cutar da su yake yi. Mai gaskiya a hannu ba ya bukatar aron ƙarya, kuma Falasɗinawa suna da gaskiya a hannu.

Mu fara daga gida. A Suratul Ma'ida, aya ta 21, Annabi Musa (AS) ya ce wa mutanensa su shiga ƙasa mai tsarki wadda Allah ya rubuta musu. Sura ta 17, wadda muke kira Isra'i, ana kuma kiranta Suratu Bani Isra'ila, kuma a ayoyinta na farko aka ba da labarin yadda abokan gaba suka afka musu har suka shiga masallacin. Annabi Dawuda ya yi sarauta, Annabi Sulaimanu ya gaje shi. Annabi Zakariyya ya yi addu'a a mihrabi, Nana Maryamu ta tashi a hannunsa. To a ina aka yi duk waɗannan? A Rasha? Ɗan makarantar allo ma ya san amsa.

Wanda kuma ya ce a ba shi hujjar da ba ta littafin addini ba, duwatsu suna nan. A gidan tarihi na Alƙahira akwai wani allon dutse na Fir'auna Merneptah, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana alfaharin cewa ya murƙushe wasu mutane masu suna Isra'ila a yankin Kan'ana. A Jodan, a 1868, an gano dutsen Sarki Mesha na Mowab, wanda ya ambaci Omri sarkin Isra'ila. Sennakerib na Assuriya ya rubuta cewa a 701 kafin haihuwar Annabi Isa ya tsare Hezekiya sarkin Yahuza a Kudus kamar tsuntsu a keji. Ku lura da masu wannan shaida: dukkansu maƙiyan Bani Isra'ila ne. Maƙiyi kuwa ba ya ƙirƙiro maka tarihi don ya faranta maka. Masana na jayayya kan girman daular Annabi Dawuda, ko babba ce ko ƙarama, amma samuwar masarautun Isra'ila da Yahuza a wannan ƙasa ba abin jayayya ba ne a wurinsu.

Bukhtanasar na Babila ya rushe Kudus wajen 586 kafin haihuwar Annabi Isa ya kwashe manyan gari zuwa bauta. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 ya ba su izinin komawa, suka sake gina ɗakin ibadarsu. Sai Rumawa suka rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa. Duk wanda ya je birnin Rum yau zai ga ƙofar nasarar da aka gina wa Titus, kwamandan da ya yi wannan aiki. A jikin bangonta na ciki an sassaƙa sojoji a jere, sun ɗora wa kafaɗunsu fitilar nan mai rassa bakwai da suka washe daga Kudus, wasu na riƙe da kakaki, suna shiga gari da ganima. Kusan shekara dubu biyu ke nan hoton yana tsaye. Mai saƙon murya ya je ya kankare shi mu gani.

Bayan boren da Yahudawa suka yi wa Rumawa ƙarƙashin jagoransu Bar Kokhba, daga 132 zuwa 135, Sarki Hadriyan ya hana Yahudawa zama a Kudus, birnin ya koma Iliya, sunan da Larabawa suka same shi da shi, lardin kuma aka kira shi Siriya Falasɗina. Da yawa sun watsu a duniya, amma ƙasar ba ta taɓa rasa su ɗungurungum ba. Sun tattara a Galili, inda malamansu suka harhaɗa dokokinsu wajen shekara ta 200, garin Ɗabariyya ya zama cibiyar karatunsu.

A nan ne abin ya fi yi mini ciwo, domin wannan saƙo har tarihinmu na Musulmi yake sharewa. Wa ya buɗe wa Yahudawa ƙofar komawa Kudus bayan ƙarnukan da Rumawa suka hana su? Musulmi ne, bayan Sayyidina Umar ya karɓi birnin wajen 638. Wata tsohuwar takarda ta Yahudawa da aka samo a majami'arsu ta Alƙahira ta ce iyalai 70 aka bari suka dawo daga Ɗabariyya. Da 'yan yaƙin Salibiyya suka shiga Kudus a 1099, Musulmi da Yahudawa suka haɗa suka karkashe. Da Salahuddin ya ƙwato birnin a 1187, Yahudawa suka sake samun wurin zama. Da Sifaniya ta kore su a 1492, Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ne ya karɓe su, wasu suka sauka a Safad har garin ya shahara da malamansu. Kai, a shekarun 1920 Majalisar Ƙoli ta Musulmi a Kudus, ƙarƙashin Mufti Amin al-Husaini, ta buga ɗan littafin jagora ga masu ziyarar Haramin Kudus, kuma a ciki ta rubuta cewa babu jayayya nan ne wurin ɗakin ibadar Annabi Sulaimanu. Magabatanmu ba su ji tsoron wannan gaskiya ba, kuma faɗinta bai rage wa Masallacin Aƙsa ko ƙwayar zarra na alfarmarsa ba. Mu ne za mu fi su kishin Kudus?

Batun Khazar kuwa ba ya bukatar dogon bayani. Gaskiya ne an yi wata daula mai wannan suna tsakanin Tekun Kasfiyan da Baƙin Teku, kuma an ruwaito cewa sarakunanta sun karɓi addinin Yahudanci. Amma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna Yahudawan Turai suna da tushe a Gabas ta Tsakiya, gauraye da jinin Turawa. Sannan ina za a kai Yahudawan Iraƙi su kimanin dubu 120 da suka koma Isra'ila a 1950 da 1951, waɗanda al'ummarsu ta samo asali tun zamanin Babila? Ina za a kai na Yaman kusan dubu 50, da na Maroko, da na Habasha? Su ma daga Rasha suka fito?

Na san abin da wani zai ce: idan ka yarda suna da tarihi a ƙasar, ai ka miƙa musu ita ke nan. Sam, ba haka ba ne. Kasancewar kakan kakanka ya taɓa zama a wuri shekara dubu biyu da suka wuce bai ba ka ikon fitar da wanda ka tarar a ɗakinsa ba. Falasɗinawa ma 'yan ƙasar ne, a can aka binne cibiyarsu da ta iyayensu da kakanninsu, Musulminsu da Kiristansu. Wanda ya ce ƙasar kango ce babu kowa sa'ad da 'yan Sahayoniya, masu neman kafa wa Yahudawa ƙasa a can, suka fara zuwa a ƙarshen ƙarni na 19, shi ma maƙaryaci ne irin mai saƙon muryarmu.

Hujjar Falasɗinawa tana nan a rubuce, da kwanan wata. Ranar 2 ga Nuwamban 1917 Ministan Harkokin Wajen Birtaniya, Arthur Balfour, ya yi wa Yahudawa alkawarin gida a ƙasar da ba tasa ba, ya kira mutanen da ke cikinta "al'ummomin da ba Yahudawa ba", ko sunansu bai ambata ba. Ƙidayar da Birtaniya ta yi da kanta a 1922 ta nuna mutane kimanin dubu 757, Yahudawa kimanin dubu 84 ne a ciki. Turai ta kashe Yahudawa miliyan 6 a zamanin Hitler, ta'asar da babu mai imanin da zai musanta ko ya yi wa dariya, amma ba Bafalasɗine ne ya aikata ta ba. A Nuwamban 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ƙasar Yahudawa fiye da rabin Falasɗinu, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku ne na jama'a. Larabawa suka ƙi, yaƙi ya ɓarke, Falasɗinawa fiye da dubu 700 suka gudu ko aka kore su, ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai. Ƙudurin Majalisar mai lamba 194 na Disamban 1948 ya ce a bar masu son komawa gida su zauna lafiya da maƙwabtansu su koma. Har yau ba a bar su ba. A 1967 Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma da Gabashin Kudus da Zirin Gaza, kuma a Yulin 2024 Kotun Duniya da ke Hague ta bayyana cewa ci gaba da wannan mamaya ya saɓa wa doka.

To jama'a, mai wannan tarin hujja me zai yi da tatsuniyar Khazar? Ka je gaban wanda ya yi karatu ka ce Yahudawa ba su taɓa zama a Kudus ba, zai nuna maka hoton ƙofar Titus a wayarsa, shi ke nan ya gama da kai. Duk abin da ka faɗa bayan nan, kan yaran Gaza ko kan gonakin zaitun da 'yan kama-wuri-zauna ke ƙwacewa, ba zai ƙara saurarenka ba, domin ya riga ya kama ka da ƙarya. Ka ɗauki gaskiyar mutanen da ake zalunta ka haɗa ta da shirme, ka sa an yi watsi da duka biyun. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Ayar ba ta cire Yahudawa ba.

Abin da na faɗa wa matashin nan ke nan kafin mu tashi. Ya ce, "To Baba, me zan tura musu?" Na ce ya nemi hotunan tsofaffin da ke sansanonin gudun hijira a Lebanon da Jodan, waɗanda har yau suke ajiye da manyan makullan ƙarfe na gidajensu na Yafa da Haifa da Safad, wasu har da takardun filayensu na zamanin Turkawa da Ingilishi a naɗe cikin leda. Na ce ya tura wannan zuwa zaurukan nan uku, ya rubuta shekarar 1948 a ƙasa, sannan ya goge wancan saƙon daga wayarsa.