Goggonka Ba Maƙaryaciya Ba Ce: Tsakanin Misinformation da Disinformation

[Allo: kalmomin biyu, ɗaya a saman ɗaya]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi waɗannan kalmomi biyu da kyau. Misinformation. Disinformation. Harafin farko kaɗai ya raba su. Kwanan nan sun cika gari, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har ɗakunan lacca na jami'ar jihar Kaduna, KASU, kuma yawancinmu mun ɗauka ta farkon ƙaramar ƙarya ce, ta biyun kuma babba. Shi ya sa yaro zai ga saƙon da goggonsa ta turo guruf ɗin 'yan uwa, ya gyara zama ya rubuta, "Goggo, wannan ai disinformation ne." Bai san zagin goggonsa ya yi ba. Ita ma, Allah ya rufa asiri, ba ta sani ba.

Za mu zo kansu. Amma danginsu na da yawa a Turanci, bari mu sallame su a tsaitsaye.

[Hoto: rijiyar Kusugu, Daura]

Myth. Daga Girkanci ta fito, kuma fuska biyu gare ta. A ajin adabi, labarin asali ne da al'umma ta gada kaka da kakanni, irin na Bayajidda da macijiyar nan. Malamin da ya kira shi da wannan suna ba ƙaryata shi ya yi ba, rukuninsa ya faɗa. Amma in kuka gan ta a jarida ko a jikin bangon asibiti, to ana nufin abin da kowa ya yarda da shi alhali ba haka yake ba. Misali, wai kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwarmu kawai muke amfani da shi. Na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna ko barci kake yi sassanta na kan aiki.

[Hoto: jemagu a kan bishiya, sai ganuwar ƙasar Sin]

Misconception, gurguwar fahimta ke nan. Ba wanda ya ƙirƙira, fahimtar ce ta karkace. Wai jemage makaho ne. Yana gani sarai, irin waɗannan manyan masu cinye mana mangwaro ma idonsu ras. Wai ana hango babbar ganuwar Sin daga sararin samaniya da ido. Ɗan sama-jannatin Sin na farko, Yang Liwei, ya je a 2003, ya dawo ya ce shi dai bai gan ta ba. In mai ganuwa ya ce bai gani ba, mu 'yan Kaduna me za mu ce?

Superstition ba ta buƙatar dogon bayani, camfi ne. Kar a yi shara da dare, kar a tsallake yaro ya ƙi tsawo. Ƙanwarta kuma old wives' tale, wato zancen tsofaffin mata, mai yawan taɓa ciki da goyo da magani: in yaro ya saba cin ƙwai zai zama ɓarawo. Ni dai ina ganin Bature bai yi wa tsofaffin mata adalci ba. Ya zo ya zauna majalisar maza bayan la'asar tukuna.

[Hoto: waya tana ringin, lamba a rufe]

Urban legend ita ce almarar zamani. Kun tuna lambar da wai in ta kira ka ka ɗauka, sai jini ta hanci, sai mutuwa? Ta zagaya a 2004, ta sake dawowa a 2011, har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ce ba abin da ya yi kama da haka. Yadda za ka gane irinta: kullum abokin wani abokinka ne abin ya faru da shi. A Kawo za a ce maka a Rigasa ne, ka je Rigasa a ce ai Kakuri ne.

[Tsohon faifai, baƙi da fari: mata na tsinko taliya daga rassa]

Wannan kuma hoax, wato shiri na musamman don a yaudari mutane, wani lokaci don raha kawai. BBC ce ta haska shi ranar 1 ga Afrilu, 1957, wai manoma a Siwizalan na girbin taliya a bishiya. Mutane suka dinga buga waya suna tambayar yadda za su shuka tasu. Ku bar dariya, a lokacin taliya baƙuwa ce a Ingila.

Sai fallacy. Ita matsalarta a hanyar tunani take. Kowa ya taɓa jin an ce mangwaro na kawo zazzaɓi. Mangwaro na nuna ne dab da faɗuwar damina, ruwa ya sauka, kwatoci su cika, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya biyo baya. An ga wannan ya riga wancan, sai aka ce shi ya haife shi. Tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro, amma har gobe mangwaro ke shan zargi.

To, mu numfasa. Mun iso inda ake faɗuwa.

[Allo: Agusta 2014]

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 2014 zai tuna daren. A ranar 20 ga Yuli wani mutum daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, abin da ya taimaka ƙwarai wajen tare cutar, ita kuma ta rasa ranta. Tsoro ya cika ƙasa. Sai wani dare a farkon Agusta wayoyi suka fara ƙara tun kafin kiran assalatu. Ka ɗauka da barci a idonka, ka ji muryar goggo tana rawa: "Ku tashi! Ku tashi yaran nan duka, a dafa ruwa a zuba gishiri, kowa ya yi wanka ya kuma sha kafin gari ya waye!" Aka hura gawayi, aka kunna risho, aka shiga buga ƙofar maƙwabta ana neman gishiri. Yara na kuka, ana kwara musu ruwa. Washegari mutane suka fito aiki fata ta yi fari fat.

[Hoto: bokiti, ƙullin gishiri]

Abin dariya ne yanzu, amma rahotanni sun ce aƙalla mutum biyu sun mutu, wasu da dama sun kwanta asibiti, don gishiri mai yawa ba ya yi wa mai hawan jini da daɗi. Ministan lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, sai da ya fito ya ce gishiri ba ya maganin Ebola. Cutar kanta ba ta taɓa zuwa Kaduna ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita.

Tambaya: abin da goggo ta faɗa gaskiya ne? A'a. Ya yi ɓarna? Ƙwarai, har da asarar rai. To ƙarya ta yi? Nan ne fa. Goggo ta yarda da abin da ta faɗa ɗari bisa ɗari, ita ma ta yi wankan, ta ƙona katinta don ta ceci ranka. Wannan shi ne misinformation: labarin da ba daidai ba, wanda mai yaɗa shi bai san ba daidai ba ne. Ku lura, girman ɓarnar bai canza mata suna ba. Ko mutum dubu ta kashe, muddin mai faɗa bai sani ba, sunanta ke nan.

[Hoto: tsohuwar jarida, taswirar Tarayyar Sobiyet]

Yanzu ga ɗayar. A 1983 wata ƙaramar jarida a Indiya mai suna Patriot ta buga wasiƙa ba sunan marubuci, wai wani masanin kimiyya ne daga Amurka, yana cewa sojojin Amurka ne suka ƙera cutar ƙanjamau a ɗakin gwaje-gwaje. Ba wani masani. Hukumar leƙen asirin Sobiyet, KGB, ita ta kitsa abin, ta bar shi ya kwanta, daga 1985 ta sake tayar da shi, jaridun ƙasashe da dama suka ɗauka, har da na Afirka. A 1992 shugaban leƙen asirin waje na Rasha, Yevgeny Primakov, ya amsa cewa aikinsu ne. Waɗanda suka rubuta wasiƙar sun san ƙarya ce tun kafin su ɗora alƙalami, kuma suna da abin da suke so ta cim ma. Wannan shi ne disinformation: ƙarya da gangan, da manufa.

Ga inda nake so ku buɗe kunne, don nan ne har masu digiri ke zamewa. Wani dattijo a Unguwar Rimi ya ji labarin nan a bakin wani, ya yarda, ya maimaita a majalisa cewa Amurka ce ta ƙera ƙanjamau. Jimlar ɗaya ce da ta KGB, ko wasali bai canza ba. A bakin KGB sunanta disinformation. A bakin dattijon, misinformation. Labari ɗaya, yana sauya suna gwargwadon hannun da yake ciki.

[Hoto: hannu na miƙa canji a Kasuwar Sheikh Gumi]

Kamar jabun dubu ɗaya ce. Akwai wanda ya zauna ya buga ta a ɓoye, ya san abin da ya yi. Akwai mai tumatir da aka ba ta da safe, ba ta duba ba, da rana ta ba ka canji da ita. Takardar jabu ce a hannun kowa, ba ta sayen komai a banki. Amma ba za ka kira mai tumatir 'yar damfara ba.

Saboda haka in kuna son zaɓar kalma, ku daina auna girman ƙaryar. Tambaya biyu ce: wanda ya faɗa, ya san ba gaskiya ba ce? Kuma yana son ya ruɗi mutane da ita? In amsar e ce, harafin d. In a'a, harafin m.

[Hoto: Shugaba Buhari yana magana, Disamba 2018]

Mu gwada. Bayan doguwar jinyar da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi a Landan a 2017, aka yaɗa cewa ya rasu, an kawo wani Jubril daga Sudan ya maye gurbinsa. Abin ya yi ƙarfi har sai da shi da kansa, a gaban 'yan Najeriya mazauna ƙasar Poland, ya ce shi ne dai, ba wani ba. Wace kalma ce? Ku dakatar da bidiyon ku yi tunani.

Amsar ita ce, ya danganta da wa kake nufi. Wanda ya haɗa hotuna biyu ya zagaye kunne da jan layi, yana sane da cewa wasa da hankali yake yi, d ne. Direban Keke Napep da ya rantse maka da Allah kunnen ya canza, shi kuma har zuciyarsa ya yarda, m ne. Kuma ga ra'ayina, wanda ya ga dama ya ƙi: tunda niyya a zuci take, in ba ka da hujjar cewa mutum ya sani, ka tsaya a kan misinformation. Ita kuskure take nunawa. Ɗayar tuhuma ce, kana cewa mutum maƙaryaci ne da gangan. 'Yan jaridar da suka san aikinsu ba sa sakinta sai sun bi sawu sun ga wanda ya shirya, da wanda ya biya. A garin da ya ga abin da jita-jita ke iya haddasawa kamar Kaduna, inda tsohon hoto daga wata ƙasa kan dawo da sabon suna a ranar da hankali ya tashi, sanin wa ya ƙera da wa ya tura ba ƙaramin abu ba ne. Na farko sai hukuma. Na biyu sau da yawa kiran waya ɗaya cikin ladabi ya ishe shi ya goge.

[Allo: kalma ta uku ta bayyana a ƙasa]

Akwai autarsu, malinformation, wadda ta yi suna bayan wani rahoto da Claire Wardle da Hossein Derakhshan suka rubuta wa Majalisar Turai a 2017. Ita abin mamaki gaskiya ce, amma an fito da ita don a cutar. Saurayi ya saki hirar sirri ko hoton budurwa bayan sun ɓata, ba abin da ya ƙara, ba abin da ya rage. Ba ni da hoton da zan sa muku a nan, kuma ko ina da shi ba zan sa ba.

Na san wasu na jiran conspiracy theory, wato zargin ƙulla makirci a ɓoye. Da gangan na tsallake ta. Ba a yi mata adalci a minti ɗaya, don wani lokaci tana da saiwa a abin da ya faru da gaske. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Shekara bakwai bayan haka, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa bisa zargin yana hana haihuwa, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Yadda na farkon ya share wa na biyun hanya, shi za mu zauna a kai a bidiyo na gaba. Ku zo da shayinku, zai yi tsawo.