Almakashi da Baƙar Takarda: Aikin Turburam na Mongoliya

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Mutumin da zan yi magana a kansa yau shi ne Turburam Sandagdorj, ɗan ƙasar Mongoliya wanda daga baya ya koma Amurka da zama. Kayan aikinsa almakashi ne da baƙar takarda. Yakan yanko siffar mutum ko dabba kamar inuwarsu, sai a ɗora a kan farin shafi.

Don Allah kada ku raina wannan sana'a. Mai zane da fensir in ya kuskure gogewa yake yi. Mai almakashi kuwa, da ya tsinke ƙafar doki, takardar ta tashi aiki. Dukawanmu masu yanka ado a jikin fata sun san wannan fargaba. Ga shi babu launi, babu hasken ido, komai ya rataya a kan gefen da aka yanka. Saboda haka dole mutum ya san abin da yake yankawa ciki da bai. Dokin Mongoliya gajere ne, mai kaurin wuya da babban kai, ga yalwar geza. Mahayinsa na sanye da doguwar riga da ɗamara, takalminsa mai ɗagaggen baki, a hannunsa doguwar sanda mai zarge ta kamun dawaki. In aka siranta wuyan nan kaɗan, makiyayi zai ce wannan ba dokinsu ba ne.

Aikin da ya fi burge ni shi ne hotunan da ya yi wa Asirtaccen Tarihin Mongol, littafin ƙarni na 13 da aka rubuta bayan rasuwar Jangis Khan, wanda ya kafa daular Mongol, a 1227. A ciki akwai labarin dawaki takwas da ɓarayi suka kore wa Temujin, wato Jangis Khan ɗin, yana saurayi, ya bi sawu har ya tarar da wani yaro mai suna Bo'orchu yana tatsar goɗiya, shi kuma ya ajiye tatsar ya bi shi. Ku duba irin wannan labari: duk motsi ne, gudu, ƙura, waiwaye. Labarin da ya dace da inuwa ke nan, domin sunkuyawar mahayi kaɗai ta isa ta gaya maka ko kora yake yi ko tsira yake nema.

Hanyar kuma tsohuwa ce a ƙasarsu. A tsaunukan Altai akwai siffofin barewa da mafarauta da aka sassaƙa a jikin duwatsu shekaru dubbai da suka wuce, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2011. Su ma yawanci daga gefe aka nuna su, ana gane kowace dabba da ƙahonta da tsayuwarta.

To, mai tambaya, bismillah.