Bajinta: ashe daga wajen shanu kalmar ta fito

Salamu alaikum jama'a, yau kalma ɗaya zamu buɗe, bajinta. Kullum tana bakinmu, yaro ya zura ƙwallo a filin wasa na Rwang Pam da ke Jos sai kaji ance kai ya yi bajinta, amma tsaya, ka taɓa tambayar kanka daga ina ta fito?

Ka je Kara, kasuwar shanu a Bukuru kusa da Jos, ka samu dattijan dillalai kace Baba meye bajimi, zasu nuna maka katon sa, mai tozo, mai ƙaho, wanda in ya tsaya sauran shanu ke matsa masa. Wasu suna cewa bajimi wasu bajini, duk ɗaya ne. To kamar yadda gwani ya ba mu gwaninta, jarumi ya ba mu jarumta, haka bajini ya ba mu bajinta. Wato asalinta halin wannan san ne, tsayuwa ba ja da baya.

Amma fa ga inda abin ya fi burge ni. A wasan hawan ƙaho na mahauta, ana sako sa ya fusata, saurayi ya tunkare shi ido da ido ya faɗa tsakanin ƙahonnin ya riƙe gam, to wa ake cewa ya yi bajinta? Ba san ba, yaron! Alhali san ya ninka shi ƙarfi ba sau ɗaya ba. Abin da yaron yake dashi zuciya ce da sanin daidai lokacin da zai faɗa, in ya yi gaggawa ko ya makara ƙaho ne zai same shi. Kun ga kenan kalmar ta bar mai ƙarfi ta koma kan mai zuciya da dabara. Ita dabara kuwa aro ce daga Larabci, daga dabbara, wato tsara abu da shirya shi, shi yasa Bahaushe yace dabara ta fi ƙarfi.

Ni dai wallahi in aka ce bajinta ba doki da takobi nake fara tunawa ba, 'yan kasuwar Terminus ta Jos nake tunawa. A watan Fabrairu 2002 gobara ta cinye babbar kasuwar nan, mutane suka wayi gari ba shago ba jari, wasu ga bashi a wuya ga yara a makaranta, kuma duk da haka suka nemo tebur da lema suka baza ɗan abin da ya saura a bakin titin Ahmadu Bello, cikin sanyin Jos ɗin nan da kuka sani, wani ya karɓi kaya bashi a wajen ɗan uwa ya sayar ya biya ya sake karɓa. In ka bi ta Terminus gobe ka duba masu furfura a ƙarƙashin lemomin nan, ka gaishe su da kyau, ka tambayi ɗaya yace maka lambar shagonsa na da.